Shaidar da Ban Bayar Ba

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da wadda na faɗa ta waya wata ranar damina ina zaune bakin shagona a Gummi. An tambaye ni ko zan tsaya wa wani mutum da ke aiki a ƙarƙashina, a lokacin da ransa da sunansa suke hannun jama'a. Na ce ban san abin da yake yi ba. Mutumin yana raye, amma ya rasa garinsu, ya rasa amfanin hannunsa na dama, kuma har yau akwai masu kiransa da sunan da bai cancanta ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Bayan allo, firamare kawai na yi. Kafin kasuwa noma na tashi da shi, kuma mahaifina ya koya mini yadda ake tsare 'yan ƙwadago: ka tsaya a bakin gona, ka ga wanda ya duƙa da wanda ya miƙe yana ta gyaran wando. A wurina aiki abu ne da ido ke gani. Kunya ta ƙaru, buhu ya cika, riga ta jiƙe. Da wannan na girma, da shi kuma na tsufa.

Ɗan ƙanena, wanda na riƙa bayan rasuwar ubansa, ya karanci kwamfuta ya dawo gida. Wasu masu aikin lafiya da ke bibiyar yaran da gubar dalma ta kama a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari, irin su Abare, suka nemi a yi musu manhajar waya. Ma'aikaci zai shiga ƙauye ya duba yaro, ya sa bayaninsa a waya, wayar kuma ta tuna masa lokacin komawa. Sun so a sami babba mai shago da suna wanda zai tsaya a matsayin shugaba. Na ba da ɗakin bayan shagona, na sa sola, na ba da sunana. Haka na zama shugaban aikin da ban iya karanta ko layi ɗaya nasa ba.

Su uku ne. Ɗan ƙanena shi ke haɗa aikin kowa. Akwai wata matar aure a Anka, ita ke tsara fuskar manhajar, inda za a taɓa da hoton da za a gani, ta kuma gwada ta a hannun mutane. Na ukun abokin karatunsa ne, magidanci, daga wani ƙauye kusa da Zugu. Ya koma gida ne saboda Innarsa ta tsufa kuma babu mai duba gona. Ba shi da yawan magana. Shi aka ba ɓangare mafi wuya, wato yadda wayar za ta riƙe bayani a inda babu sabis, ta aika da kanta idan ta samu. Ɗan ƙanena ya ce babu wanda ya fi shi dacewa, domin a ƙauyensu sai an hau wani dutse a bayan gari ake samun sabis.

Kowace safiya suna haɗa waya su uku. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da inda ya maƙale. Kafin shayina ya huce sun gama. Ɗan ƙanena ko zama ba ya yi, yana tsaye jikin ƙofa.

Na ce masa, "Wanga shi ne taron naku?"

"Shi ne, Baffa."

"Ko gaisuwa ba ku ƙare ba."

Ya yi dariya. "Ai mun gaisa jiya, Baffa."

Ban yi dariya ba. Ya jawo ni ya nuna mini fuskar kwamfuta, rubutu kala-kala kamar tururuwa, ya ce wannan na mutumin ƙauye ne, jiya da la'asar ya turo, wancan na matar Anka ne. Na ce ina zan san ba shi ya rubuta da kansa don ya rufa wa abokinsa asiri ba? Ya dube ni, ya koma kan kwamfutarsa. Yaro ne mai kunya, a hannuna ya tashi.

Sai na kafa doka. Duk ranar kasuwar Gummi za a yi taro ido da ido a ɗakin bayan shago, a zaune, kamar yadda mutane ke taro. Matar Anka na ɗauke mata zuwa saboda aure, ana ajiye waya a tsakiyar tabarma ta saurara. Mutumin ƙauye kuwa dole ya zo.

Ina tuna yadda tarukan suke, kuma ina jin kunya. In buɗe da addu'a, a yi gaisuwa har ta kai ga kaji da awaki, sannan in yi nasiha a kan haƙuri da riƙon amana, in kawo labarin yadda muka sha wuya a zamaninmu. Daga nan in dubi kowa in ce, "Aiki na tahiya?" Wa zai dubi dattijo ya ce a'a? Kowa ya ce alhamdulillahi. Inda suka maƙale, wanda shi ne dalilin taronsu na safe, ba ya fitowa a gabana. Daga baya na gane cewa sai na tashi alwalar azahar suke yin taronsu na gaskiya, da sauri, murya ƙasa-ƙasa.

Wata rana ina tsakiyar nasiha muryar matar ta fito daga wayar. "Baba, ka yi haƙuri, cajina zai ƙare, ga girki bisa wuta. A bar ni in hwaɗi nawa?" Ɗan ƙanena ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kuwa na riƙe abin a raina, na ce yaran yanzu ba su san babba ba.

Mutumin ƙauye yakan fito bayan sallar asuba a kan babur. Yana naɗe kwamfutarsa a leda ya cusa cikin tsohon buhun taki don kada a gane. Hanyar ba kwalta, ga laka, ga wuraren da daji ke rufe ta, inda kowa ke wucewa yana salati. Ya iso wandonsa jage-jage da taɓo, ya zauna ya saurari nasihata, ya ce alhamdulillahi, ya kama hanya tun rana ba ta karkata ba. Yini ya tafi, washegari kuma gajiya.

Da damina ta kankama ya same ni ni kaɗai, ya durƙusa.

"Baba, ina da roƙo."

"Ina jinka."

"Aikin ga in na ɗauko shi cikin kaina, sai na yi shiru da shi ya daɗe kahin ya zauna. In anka tashe ni, watsewa yakai, sai in koma hwarko. Ga hanya ta ɓaci, Inna ba ta barci ranar da zan hito. A bar ni in riƙa turowa, ranar taro in hau dutse a kira ni, awa yadda aka yi wa ta Anka."

Na ce, "Kai ma auren anka yi maka? Masu kawo gero daga ƙauyenku, ta sama suka biyowa?"

Ya ce, "A'a, Baba." Ya tashi ya tafi.

Ya zo wasu kasuwanni bayan haka, sannan ya fara fashin zuwa. Yakan kira ya ba da haƙuri: an tare hanya, an ga baƙin babura, ruwa ya cika rafi. Aikinsa bai daina shigowa ba, ɗan ƙanena yana faɗa mini duk mako. Ni dai abin da nake gani shi ne gurbinsa a tabarma babu kowa, kuma na ɗauki hakan raini.

A ranakun kasuwa 'yan kabu-kabu na wajen Bukkuyum, masu haya da babur, sukan huta a rumfar shagona su sha ruwa. Wata rana na tambayi ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙauyen, "Ina mutumin naku mai kwamfuta?"

"Shina nan, Alhaji. Kullum bisa dutse shi da wayarshi, awa mai kiwon iska." Aka yi dariya. "Mu dai mun ɗauka kai ka aike shi."

"Ni? Ni da rabona da shi tun gero na ƙasa? Wa ya san da wa yaka magana can bisa."

Don a yi dariya na faɗa, kuma an yi. Na lura ɗaya daga cikinsu bai yi ba, ya dube ni kawai ya ci gaba da shan ruwansa. Kuma ba sau ɗaya na faɗa ba. Duk kasuwar da bai zo ba, sai haushi ya kai ni rumfa in maimaita, kowane lokaci da ɗan ƙari.

Ba zan ce ban san zamanin da muke ciki ba. A shekarun nan babu ƙauyen da ba ya tsoron infoma, wato wanda ke gaya wa 'yan bindiga wa ya sayar da sa, wace hanya ce babu masu gadi. Mutum mai yawan keɓewa da waya abin kallo ne. Na san mutanen da aka yi wa wannan zargi, na san yadda suka ƙare. Duk da haka na ɗauki ƙorafin taro na kai shi inda babura ke ɗaukar magana su kai ƙauye kafin magariba.

Gero ya yi ciki lokacin da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da rana tsaka. Sun kora shanu, sun tafi da mutane, sun bar gawawwaki. Bayan an dawo daga maƙabarta samari suka fara neman wanda ya nuna hanya. Ba su yi dogon nema ba. Suka fito da shi daga gidansa da kwamfutarsa, suka kai shi ƙofar mai gari.

Mai garin na san shi, mun yi cinikin dawa shekaru da yawa. Dattijo ne mai taka-tsantsan. Mutumin ya ce masa aikin lafiya yake yi, kuma yana da uban gida a Gummi. Mai gari ya ce to a kira uban gidan a ji. An nemi ɗan ƙanena, yana hanyar Sakkwato, wayarsa ba ta shiga. Saura ni. Tun da babu sabis a cikin gari, tsohon nan da sandarsa ya hau dutsen, jama'a na biye, ana jan mutumin a tsakiya. Duk wannan daga baya na ji. Ni dai ina awon wake bayan azahar wayata ta yi ƙara.

"Alhaji, mai gari ne. Ka ji abin da ya same mu."

Na yi masa ta'aziyya.

"Ga yaronka nan gabanmu. Ya ce kai ka sa shi aikin da yaka yi bisa dutsen ga. Na buɗe waya, jama'a na jinka. Ka san shi? Ka tsaya mashi?"

Na gane abin da yake nema. Muryarsa ta gaya mini. Kalma ɗaya yake so daga bakin babba, wadda zai riƙe ya juya ga samarin ya ce kun ji. A al'adarmu idan dattijo mai suna ya ce na tsaya wa wane, an ɗaga masa ƙafa ke nan, ko da na kwana biyu ne, har a bincika.

Abubuwa suka zo mini a tare. Na tuna motocin hatsina da ke bin wannan hanya. Na ce idan fa gaskiya ne, sunana ya shiga ciki. Na tuna gurbin nan na tabarma, haushin bai huce ba. Sannan a can ƙasan zuciyata, da gaske ban yarda da shi ba, domin ban taɓa yarda cewa mutum zai zauna shi kaɗai babu mai kallonsa ya yi aikin da aka ba shi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aiki kam mun ba shi. Amma abin da yaka yi can, Allah ne masani. Ni ban gani da idona ba. Ko taron da muka yi ya bar zuwa."

Sai hayaniya ta tashi. A cikinta na ji muryarsa, wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba. "Baba! Baba, ni ne hwa! Baba, a tambayi..." Wayar ta katse.

Na koma kan awon wake. Na gaya wa kaina gaskiya na faɗa, kuma mai gaskiya ba ya da laifi. Mai sayen waken ya ce, "Alhaji, ka zarce," domin ina ta zubawa bayan mudu ya cika.

Mai gari ya ceci ransa. Ya faɗa kansa da jikinsa, ya ja shi zuwa gidansa ya kulle. Amma kafin nan an farfasa kwamfutar da dutse, an kuma sa hannunsa na dama a kan dutsen an yi masa yadda aka yi wa kwamfutar. Washegari mai gari ya ce ba zai iya tsare shi har abada ba, gara ya bar garin da iyalinsa. Suka fita da abin da babur zai ɗauka. Innarsa aka ɗaura ta da zane a bayan wani don kada ta faɗi. Geronsa yana tsaye a gona.

Ɗan ƙanena ya dawo ya same ni a shago. Bai durƙusa ba, karo na farko a rayuwarsa.

"Baffa, mi kaka son gani da ba ka gani ba? Duk mako ina nuna maka."

"Ni na iya karanta abin?"

"To ni da na iya, na gaya maka. Ni ma ba ka yarda da ni ba ke nan. Baffa, buhunan ga duka, ka taɓa zazzage ɗaya ka ƙirga? Ƙarhe kaka sokawa, ka ga 'yan ƙwayoyi a tahin hannu, ka ce a loda. Ka yarda da buhu, ba ka yarda da mutum ba."

Na ce ya yi mini shiru, ni na riƙe shi. Ya ce, "Haka ne, Baffa," ya shiga ɗakin baya ya fara naɗe wayoyi.

Shi da mijin matar Anka da wani ma'aikacin lafiya sun je ƙauyen. Sun hau dutsen da mutane, sun nuna musu manhajar, sun nuna yadda bayanin yaro ke tashi daga waya idan ta sami sabis. Wasu sun ji kunya. Wasu suka ce ai uban gidansa da bakinsa ya ce bai san abin da yake yi ba, kuma tun kafin ranar 'yan kabu-kabu sun ji daga gare shi. An neme ni in bi su a wannan tafiya, na ce ƙafata na ciwo.

Su biyun suka ƙarasa aikin a wani wuri, ba a ɗakina ba. Ɗan ƙanena yana zuwa gaishe ni da salla, ya tambayi lafiyata, ya kawo wa iyali tsaraba. Bai sake yi mini maganar aiki ba.

An daɗe kafin in iya zuwa neman mutumin. Na same shi a Anka, a wata 'yar rumfa, yana cajin waya da ƙananan gyare-gyare. Yatsun damansa sun warke a karkace, ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake riƙe ƙaramin sukundireba, ya danne waya da gefen dama. Ɗan ƙanena yana turo masa ɗan aikin rubutu, yana yi a hankali da hannu ɗaya. Innarsa ta rasu a can, cikin baƙi.

Da ya gan ni ya miƙe, ya share mini benci. "Baba, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutan Gummi?" Na so a ce zagina ya yi.

Na ce na zo neman gafara. Ya daɗe yana kallon wayoyin da ke jere a kan allon caji.

"Baba, tsakanina da kai na bar ma Allah, na yahe. Amma 'yan garinmu da sunka gudo nan suna da yawa. Matata in ta je rijiya sai a yi shiru. Ɗiyana, ɗiyan infoma aka ce masu. Wanga ba ni ka iya wanke shi ba. Bakin da ya hwaɗa shi ka iyawa."

"Mi kaka so in yi?"

"Ka tai garin ranar Juma'a, ka tsaya ƙohwar masallaci ka hwaɗi."

Na je. Na hau bayan ɗan kabu-kabu na bi hanyar nan da na riƙa tilasta masa bi, bayana bai koma daidai ba har yau. Mai garin ya rasu. Rabin gidaje babu kowa. Bayan an sallame na miƙe na ce ni ne wanda aka kira a waya, na ce mutumin nan aikin lafiyar yara yake yi, na tsaya masa, kuma maganar da na yi a rumfa haushi ne da son a yi dariya. Suka saurare ni. Wani mai matsakaicin shekaru ya ce, "Alhaji, ranar da anka tambaye ka, ina wagga magana take?" Mutane suka sa takalmansu suka watse. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce Allah ya kyauta, ya nuna mini gonar daga nesa. Wani ne ke noma ta yanzu.

Bai koma ba, kuma ban ga alamar zai koma ba. An ce a Anka wasu sun fara amsa gaisuwar matarsa, wasu har yanzu.

Na rubuta wannan ne domin yaranmu da yawa yanzu irin wannan aiki suke koya, wanda ake yi a zaune shiru, nesa da idon kowa, kuma irina ne za a riƙa ɗorawa a kansu saboda furfura ko shago. Roƙona ga wanda ya karanta, idan Allah ya ɗora ka a kan mutanen da ba ka iya karanta aikinsu ba, ka nemi wanda ya iya a cikinsu ka yarda da shi, ka bar su su yi. Idan kana da ƙorafi da ɗayansu, ka gaya masa a ɗaki. Ka san mutanenka tun ana zaman lafiya, domin ranar da za a kira ka a tambaye ka, ba za a ba ka lokacin tunani ba. Kada ku yi yadda na yi.